Shuɗin da Baba Ya Gani

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe 4 na yamma

Mun iso Buza daga Tawa da azahar. Ambulan ɗin da likita ya miƙo mini yana cikin jakata, ƙarƙashin igiyar cajin waya. Gwaggo Biba, ƙanwar Baba, ta tambaye ni abin da aka rubuta a ciki, na ce mata da Faransanci aka rubuta. Ban yi ƙarya ba.

Baba ya jure hanya fiye da ni. Da aka kwantar da shi a ɗakinsa sai ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa ce mini Zuhura ba.

"Uwa, na'urar taki da kike shahwa ma jirage fenti, kin zo da ita?"

Na ce na zo da ita.

"To ki yi min nawa. Ina so in gan shi."

Shekara shida ina wannan abin, tun ina jami'a a Yamai, bai taɓa waiwayarsa ba. Wasan yara yake ce masa: ɗiyarsa mai digiri, malamar lise, wato sakandare, zaune tana yi wa jirgin da babu shi ado. Yau shi ya roƙa. Ban ji daɗi ba. Baba ba ya sauya ra'ayi haka kawai.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Zan rubuta labarin yadda ya sake faɗa mini yau, ko da yake duk wanda ya taɓa shan shayi a zaurenmu ya haddace shi.

Shekarar fara ce, kafin a haife ni. Baba yana saurayi, yana rubuta allunan shaguna a Madawa. Wani ƙaramin jirgi mai feshin magani ya sauka a wani fili da aka share kusa da Kaita, magani ya cinye masa fenti har ƙarfe ya fito. Nasaran da ke tuƙa shi ya aika a nemo mai fenti. Baba ya yi kwana tara a kansa. Ciki fari, baya shuɗi, jan layi daga hanci har wutsiya, hoton shamuwa a hanci. Ranar goma zazzaɓi ya kayar da shi a wata rumfa, jirgin ya tashi ba ya wurin. Bai ga tashinsa ba. Hoto babu.

Shaida ma babu. Kawu Surajo, taubashinsa, shekara talatin da bakwai ke nan yana ce masa, "Rabo, jirgi ne ko amalanke?"

Abin da Baba yake so biyu ne, kuma ya jera su da kansa. Ya ga fentin daidai, sannan ya ga jirgin ya tashi.

Na tambaye shi irin shuɗin. Ya ce kamar zanen da aka tsoma a marina sau ɗaya tak aka shanya. Na ce ina bukatar lamba. Ya ce shi ma yana bukatar sabon ciki, kowa ya yi haƙuri da abin da ya samu.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Ga yadda aikin yake, in har wata rana na manta. Fentin jirgi a cikin na'ura hoto ne shimfiɗaɗɗe, kamar fatar rago da aka feɗe aka kafa a rana: ga fiffike can, ga wutsiya nan, ga hanci an raba biyu. A kanta nake zane. Fata muke ce mata. Amma ba a sanin yadda za ta zauna a jikin jirgi sai an buɗe similatar, wato manhajar da ake tuƙa jirgin a ciki, ita kuwa sai ta ɗora duniya dukanta kafin ta nuna jirgi ɗaya: duwatsu, gajimare, teku, garuruwan da ban taɓa zuwa ba. A na'urata minti ashirin da biyu. In na sauya ko ɗigo ɗaya, sai na rufe na sake buɗewa. Wasu minti ashirin da biyu.

Baba yana samun kansa da hantsi, bayan allurar safe. Yau ya yi kamar minti arba'in yana magana sarai.

Na shirya tun kafin ya farka, na kai masa. Ya daɗe yana kallo.

"Ƙirar ita ce. Amma wanga shuɗi ya mutu. Ƙara mai."

Na ƙara. Na rufe, na buɗe. Muka zauna muna kallon layin nan da ke rarrafe daga hagu zuwa dama. Da jirgin ya fito ya ce, "Ƙara." Kafin na uku ya yi barci.

Kallo biyu a rana. Na yi karatun lissafi, ba sai an ƙarasa mini ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe 2 na rana

Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun safe. Kallo ɗaya.

Jumma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Na sake buɗewa kafin na'ura ta huce, ta yi zafi ta mutu ana saura minti uku. In ta buɗe similatar a wannan bazarar, rabin awa take iya jurewa. Na ɗora ta a kan bulo biyu, na sa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa. Mafici ɗaya ne a ɗakin, ina fifita Baba ina fifita ta, bi da bi.

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ke Zuhura, wane ne majinyacin cikinsu?"

Na ce duka biyun.

"Mutum shina kwance wanga hali, maimakon ki kunna mai karatu, kin tasa shi gaba da tsuntsun ƙarhe. Mi za ki ce ma Allah?"

Baba, ido a rufe, ya ce, "Biba, karatu na ji da asuba, zan ji da la'asar. Tsakani nau ne."

Ta fita. Na ji ta tana dakan fura da ƙarfin da gero bai cancanta ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe 12 na rana

Yaya Mu'awiya ya turo murya daga Tamanrasat. "Mi likita yac ce? Kar ki ɓoye min." Na ɗauki amsa sau uku, na goge sau uku. Na tura masa hoton jirgin. Ya amsa da alamar tambaya.

Minti talatin Baba ya samu kansa yau.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe 3 na rana

Na kira Mariama, wadda muka fara wannan haukar tare a jami'a. Ban gaya mata dalili ba, na ce kawai ina so in riƙa ganin fata a jikin jirgi ba tare da na jira duniya ta gama haihuwa ba. Ta yi dariya. Ta ce har yanzu ina buɗe similatar don duba launi, kamar mai tafiya Makka don ya ga ko takalminsa ya yi masa daidai. Akwai ƙaramar manhaja, in ji ta, jirgin kaɗai take nunawa, ba sama ba ƙasa, a juya shi yadda ake so. In an sauya fata sai a danna maɓalli ɗaya.

Ta turo. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi awa biyu yana sauke abin da bai kai nauyin hoton biki ba. Na tsaya a bayan rumbu, inda ya fi kamawa, hannu a sama kamar mai roƙon ruwa.

Ɗazu kafin ta kashe wayar ta ce, "Zuhu, lafiya dai?" Na ce zafi ne.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe 10 da rabi na safe

Da farko jirgin ya fito baƙi ƙirin, don ban nuna wa manhajar inda fatar take ba. Na gyara. Na danna.

Daƙiƙa uku.

Na sake dannawa don kawai in gani. Daƙiƙa uku. Sai na samu kaina ina jin haushin kwana shida da suka wuce, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa sai ni.

Yau mun yi kallo tara. Baba ya zauna, an jingina shi da matashi biyu, ya koma maigidan aiki. Jan layin ya yi faɗi, a rage yatsa ɗaya. Ba jan jini ba ne, jan ƙasar Kaita ne bayan yayyafi. Shamuwar tana kallon baya, wa ya taɓa ganin tsuntsun da ke tafiya gaba yana kallon wutsiya? Wannan laifina ne: na kwafe ɓangaren hagu na manna a dama ban juya ba. Ya ce da a wurinsa nake koyo da na sha panso, burushin fentinsa, a ka.

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Gwaggo ta leƙo, ta ga dariya ce, ta koma.

Layi ya yi. Shamuwa ta yi. Fari ya ce da datti, amma a bar shi. Shuɗi: "Ƙara."

Ina ba kowace fata lamba. Mun tsaya a ta 12. A idona ta 12 ita ce zanen da aka tsoma sau ɗaya.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Fata ta 19. "Ƙara."

Jumma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Kawu Surajo ya zo bayan masallaci, da sandarsa da goronsa.

"Ina mai amalanke? An ce min ka kwanta don kar a tambaye ka gona."

"Ɓarawon tukunya, shigo ka ga abin da kac ce babu."

Na juya masa na'urar. Ina jiran ba'ar da ya saba. Ya kalla, ya kalla, ya daina tauna. Sannan ya ce idonsa ba ya son hasken waɗannan abubuwa, ya juya ya soma ba Baba labarin farashin raguna. Bai daɗe ba.

Baba ya ce, "Kin gani? Hassada."

Wataƙila.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Minti ashirin. Ya ƙi fura. Ya ce wa Gwaggo wa ya zuba garin ɗorawa a nono. Nonon fari ne tas, ni na auno shi.

Fata ta 26.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe 1 na rana

Majo Abubakar, wanda ke zuwa yi masa allura, ya ga abin da muke yi. Na raka shi zaure, na ba shi labarin nonon. Ya gyara jakarsa a kafaɗa ya ce akwai yana a idon Baba tun da daɗewa, ga kuma abin da ke jikin yanzu. Ya ce mai irin wannan ido kamar yana leƙen duniya ta cikin ruwan shayi ne: fari ya koma ruwan ɗorawa, shuɗi ya dushe ya koma toka.

Na ce zai tsaya haka?

Ya ce, "Malama, kin karanta takardar."

Na koma ɗaki na buɗe ta 12 da ta 26 gefe da gefe. Kwana shida ina ƙara shuɗi, idonsa yana cinyewa. Ina gudu, abin yana gudu a gabana. Da a ce da similatar muke yi, kallo biyu a rana, da har yanzu muna kusa da gaskiya. Saurin da na yi murna da shi, shi ya kai mu nan.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Na gwada shi. Na buɗe ta 12 na ce sabuwa ce.

"Uwa, wagga toka ce. Kin gaji?"

Na ce hannuna ne ya kuskure.

Zan iya gaya masa. Na shirya maganar tsaf, har da misalin shayin. Amma in na gaya masa idonsa ba ya ganin launi, na gaya wa mai fenti abin da ke cikin ambulan, ta wata ƙofar.

Na buɗe ta 27.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe 4 na yamma

Yaya Mu'awiya ya ce yana neman mota. Ya ce in ce wa Baba ya jira shi. Na ce zan isar, kamar Baba tasha ce.

Jumma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Minti goma. Ta 33, ta 34, ta 35.

Gwaggo ce ke riƙe na'urar yanzu, don hannunsa ba ya iya tallafa ta kuma ni ina dannawa. Ba ta daina cewa haramun ne ba, amma tana karkata ta daidai idonsa. Ta kalli jirgin ta ce mini a hankali, "Wanga ai kamar bokitin roba na kasuwa." Na ce i. Ta kalle ni, ta kalli idonsa, ta ƙara matso da na'urar.

Ban yi mata bayani ba. Ita ma ba ta sake tambayar ambulan ba.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe 2 na rana

Bai yi magana ba yau sai da ya nemi ruwa.

Lahadi, 25 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Ya farka sarai, kamar an wanke shi. Ya tambaya ko an yi ruwa a Azarori, garin haihuwarsa. Ba a yi ba. Ya ce a kawo jirgi.

Ta 38. Ƙara. Ta 39. Ƙara. Ta 40 na tura shuɗin kusan ƙarshen inda na'ura ke iya kaiwa. Ya ce saura kaɗan. Na tura har ƙarshe. Ta 41. Wani irin shuɗi ne mai tsawa, yana neman komawa shunayya, irin wanda in ka ɗauke ido kake ci gaba da ganinsa a bango.

Ya ɗaga yatsa ya taɓa gilashin, a kan baya, ya ja har wutsiya, kamar mai duba ko fenti ya bushe.

"Shi ne. Wallahi shi ne. Biba, kin ga aikina?"

Gwaggo ta ce, "Na gani, Yaya. Ka iya."

"To, Uwa. Tada shi."

Ƙaramar manhajar ba ta tashin jirgi. Ba ta da sama. Na rufe ta, na kai ta 41 cikin similatar, na buɗe. Na ce masa minti ashirin da biyu. Ya ce ya jira shekara talatin da bakwai.

Na yi ta yi masa magana don kar ya tafi. Na tambaye shi sunan nasaran, ya ce ya manta. Na tambaye shi da me ya haɗa shuɗin, ya fara faɗa. Layin ya ɗan wuce tsakiya, sai Baba ya tsaya a tsakiyar magana.

Minti na goma sha huɗu. Na duba agogo, shi ya sa na sani.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Na buɗe tun kafin allura. Jirgi yana kan fili, inji yana juyawa. Baba bai buɗe ido ba. Na'ura ta mutu da rabin awa.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Jirgi yana kan fili. Bai buɗe ido ba.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe 10 da rabi na safe

Ya buɗe. Na kai masa har gaban fuska, na ce Baba ga shi zai tashi. Yana kallon wajen, amma ba gilashin yake kallo ba. Gwaggo ta ɗauke na'urar daga hannuna ta ajiye a ƙasa, ta kunna karatu. Ban hana ta ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe 6 na yamma

An kai shi bayan la'asar.

Asabar, 31 ga Mayu, ƙarfe 1 na rana

Yaya Mu'awiya ya iso. Ya sauke jaka a zaure ya ga tabarmi. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ba shi ambulan ɗin ba. Ba ya jin Faransanci, kuma yanzu kowa ya san fassarar.

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe 5 na yamma

Mutane sun ragu. Kawu Surajo ya aiko a kira ni zaure, ya ce in zo da na'urar. Ba goro yau.

Na buɗe masa ta 41. Ya girgiza kai.

"Ba shi ba ne, ɗiyata. Bai kai haka ba ko kusa."

Na ce ya aka yi ya san launin amalanke.

Ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa. Sannan ya faɗa, ba tare da ya ɗago ba. Shi ya raka Baba Kaita. Shi ya riƙa ɗauko masa bokitin fenti kwana tara. Ranar goma nasaran ya ce a je a taso mai fenti ya ga aikinsa a sama, ko a goye ne. Shi aka aika. Ya kama hanyar rumfa, ya ji inji ya ɗauka a bayansa, ya tsaya.

"Ban taɓa ganin jirgi ya tashi ba. Nic ce bari in ga kaɗan. Da nij juyo ya zama ɗigo."

Da Baba ya farfaɗo ya tambaya, sai Kawu ya ce masa wane jirgi, ai zazzaɓi ne. Da wasa ya faɗa, irin na taubasai, don ya tsere wa tambayar. Mutane suka yi dariya. Washegari suka nemi ya maimaita.

"Daga nan ban samu inda zan sauka ba."

Ban ce Allah ya yafe ba. Na san shi yake jira. Na buɗe ta 12.

Ya rufe baki da hannu. "Wanga ne. Shi ne sak."

To. Tun ranar sha uku ga wata yana hannuna.

Ya ce, "Shina tashi?"

Na ce yana tashi, amma sai an jira. Ya ce zai jira. Na ɗora na'urar a kan bulo, na buɗe similatar. Muka zauna minti ashirin da biyu, yana jan carbi ina fifita. Bai yi barci ba. Lafiyarsa ƙalau.

Da jirgin ya fito a kan fili ya matso, sai ya ja baya.

"Kin yi kuskure. Wanga mai tsawar ne kika sa."

"Ban yi kuskure ba, Kawu. Kai ka ga naka. Wannan nasa ne."

Na saki birki. Jirgin ya yi gudu a kan jar ƙasa, ya ɗaga hanci. Na juya kallon zuwa waje, daga ƙasa, daga inda mutum zai tsaya in an taso shi a kan lokaci. Kawu bai ɗauke ido ba. Na bar shi yana kallo har shuɗin ya ƙanƙance, na'ura ta yi zafi, gilashin ya yi baƙi da fuskokinmu biyu a ciki.

Ya ce in sake kunnawa. Na ce sai ta huce.

Ta huce tun ɗazu.